Ruwan Bagaruwa

Ni ne Sahabi ɗan majema,
wanda unguwa ta sani da tangaɗi.
Shekara bakwai ina shan maganin tari
alhali ko kaki ban yi ba.
In ya kwance min gaɓɓai in bi shi da ƙwaya,
in ƙwaya ta hana ni barci
in nemi kwalba ta yi min sallama da hankalina.

Na sayar da kartajin mahaifina.
Na sayar da tunkiyar Inno ana jibi Layya,
na kuma taya ta cigiya har bakin Kara,
ina salati da muryar mai gaskiya.

Modi bai kai Kware ba.
A gefen gadar Kwalkwalawa aka tsince shi,
masu albasa suka rufa masa buhu.
Ni na kai,
matse tsakanin ƙarti biyu bisa kabu-kabu,
ina zagin kowa har da itatuwan hanya.
Can na san jiki ma yana bin bashi:
zufa, amai, kyarma,
ƙashi yana ƙaiƙayi inda farce ba ya isa.

Da na dawo babu mai ba ni ajiyar allura.
Baba Bube kaɗai ya dube ni daga bakin kwatarniya,
ya ce, "Zamna.
Hwata ba ta zama jaka ran da anka hiɗe ta.
Ɗauki wagga, ka jiƙa."

Na jiƙa.
Na sa toka, na karce gashi,
wari ya kama ni, na gane nawa ne.
Ruwan bagaruwa ya ci min yatsu har suka yi baƙi,
hannu ya sami aikin da ya fi rawa.
Kowace magariba in jefa ƙwayar bagaruwa ɗaya
a gwangwanin madara,
in girgiza, in ji nauyin kwanakina.

Ɗari da goma sha huɗu.
Sai ga bazara, garin kamar bakin tanda,
ga kuɗi a aljihu, ga wani tsohon aboki da murmushi.
Ba wanda ya ɗura min.
Da asuba na farka a bayan tasha, takalmi ɗaya,
na zo gida na watsar da gwangwanin a tsakar gida.

Luba ce ta tsince su, tana shekara shida,
ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin turmi.
Ta ce, "Baba, ai ba su fashe ba."

Yanzu gwangwani huɗu ke kan taga.
Ba na cewa na warke.
Har yau in zan je kasuwa
sai in zaga ta Ƙofar Marke
don kada in bi ta gaban wani kyamis da ya san sunana.
In abin ya motsa da dare
nakan buga wa Baba Bube ƙofa,
mu zauna, ya yi ta gyangyaɗi, ni in yi ta numfashi
har ladan ya raba mu.

Na biya Inno tunkiyarta bara.
Ta buɗe bakin dabbar, ta duba haƙora,
ta ce waccan ta fi ƙiba.
Ta dai ɗaure ta.
Wana Tukur kuwa har yau yana kulle ɗakinsa in na shigo,
ban ce masa komai ba,
ni na koya masa sayen kwaɗo.

Ɗazu na shanya fatar jar akuya,
karan dafi ya kama ta da kyau.
Akwai tabon wuƙa a gefen wuya.
Baduku ya shafa, ya ce zai san inda zai bi da ɗinki.