Daren da Wuta Ta Ɗauke a Wai'anae

Tun kafin gari ya waye nake bakin rami,
ina jera baƙaƙen duwatsu masu huji kamar soso,
waɗanda dutse mai aman wuta ya tofar tun ba a haifi kowa ba.
Dutsen da bai da huji fashewa yake in ya ji wuta,
haka kakata Keonaona ta ce,
kuma ba kan dutse kaɗai take magana ba.

Imu muke kiran ramin.
Alade guda, dankali, gwaza, kifi naɗe cikin ganye,
in rufe da ganyen ayaba da jiƙaƙƙen buhu,
in mayar da ƙasa kamar mai binne sirri.

Da la'asar sai ga manyan motoci.
Baƙi su sauko da jar fata, rana ta gasa su fiye da kifina.
A rataya wa kowa sarƙar fure a wuya,
a koya musu aloha, su maimaita da ƙarfi,
su ɗanɗana tuwon gwaza da bakin cokali,
su yamutsa fuska, su yi dariya.
Ba na jin haushi.
Ina za su san gwaza yayanmu ne,
shi aka fara haifa, mu ƙanne,
kuma in an buɗe akushinsa ba a faɗa a gida?

Tavita, ɗan Samowa, yana juya wuƙa mai ci da wuta,
gashin hannunsa ya daɗe da ƙonewa.
'Yan matan Tahiti suna karkaɗa ƙugu, ganga na binsu a guje.
Sau shida a mako. Na san inda za a yi tafi.

Ran Alhamis ɗin nan, ana tsakiyar rawa,
wuta ta ɗauke.
Lasifika ta yi gum, fitilu suka mutu,
sai tocilan kwakwa biyu da numfashin teku.
Manaja yana ta kai-komo da waya a kunne.
Jikata Hi'ilei tana tsaye kan dandali,
hannu a sama, ba ta san inda za ta sauke shi ba.

Sai na ji duma ya bugi ƙasa.
Gwaggo Ululani ce, mai wanke-wanke,
da kumfa har gwiwar hannu,
ta zauna dirshan ta rungumi duman.
Ta ɗaga murya da harshen da aka doki uwarta a makaranta saboda shi.
Babu wannan a takardar shiri.
Kirarin ruwan kwarinmu ne,
siririn yayyafin da ke gangarowa daga tsauni da hantsi.

Hi'ilei ta sauke hannun a hankali,
yatsunta suka zama yayyafi.
Murmushin aiki ya bar fuskarta.
Ta durƙusa, ƙafarta na neman ƙasa ta cikin katako.
Tavita ya riƙe wutarsa tsaye, ya haska mata.
Wani tsoho daga cikin baƙi ya cire hula.
Ni kuwa, hayaƙin imu ne ya shige mini ido,
in wani ya tambaya.

Minti tara, in ji manaja.
Wuta ta dawo, kiɗan inji ya ci gaba daga inda ya tsaya,
Gwaggo ta koma ga tukwanenta.

Da dare ina kwashe duwatsu, har yanzu da ɗumi,
Hi'ilei ta zo da furen kanta a hannu, ya yi yaushi.
Ta ce, Kaka, baitin ƙarshe ya kuɓuce mini.
Na ce, je ki kicin da akushi,
akwai sauran gwaza,
kuma Gwaggo ba ta tafi ba tukuna.