Tsintsiya a Kan Ganuwar Pingyao

Kafin mai tikiti ya buɗe 'yar tagarsa
na riga na hau da tsintsiyata ta gora.
Matakalan nan gwiwata ce ke ƙirga su,
ni na daina.

Masu jagora suna cewa garin kunkuru ne,
ƙofar kudu kai, ta arewa wutsiya,
rijiyoyi biyu idanu.
Shekara goma sha tara ina share bayansa,
ko taku ɗaya bai yi ba.
Mu ne muka tashi.

Ga rufinmu can, mai tokar tayil,
bayan haikalin da ake ƙona turare.
An rataya masa jajayen fitilu.
Ɗakin da aka yanke mini cibiya
yuwan ɗari uku ne kwana guda, har da karin kumallo.
Na taɓa leƙawa. Yaron kanta ya ce, Iya, a cike muke.

Hantsi na yi sai ƙananan motocin lantarki su fara zubo baƙi.
Wasu su nufi tsohon banki
su leƙa ramin da aka taɓa jibge azurfa,
su yi ajiyar zuciya, kamar kuɗin kakansu ne.
Wasu su bi ƙanshin ruwan tsami
har bakin manyan randunan Cuilian,
su ɗanɗana, su yamutsa fuska, su saya.

Maƙwabcina Hou Jinsuo, wanda matarsa ke riƙe masa albashi,
shi ne alƙalin tsohuwar kotu.
Ya manna gemu, ya daka katako a tebur,
ya ɗaure ɓarawo ɗaya sau uku a yini.
Da yamma su biyun su raba taliya kwano guda.

Jiya wata yarinya cikin alharinin haya,
kwalliyar gimbiya, takalmin gudu a ƙasa,
ta ce, Kaka, ɗan matsa, kina cikin hoton.
Na matsa.
Mai tsintsiya ba ya musu da mai kyamara.

Inda na raɓe kuwa, gindin hasumiya,
akwai tubalin da ban taɓa nuna wa kowa ba.
Wani ya danna babban yatsansa tun yumɓun yana ɗanye.
Ba sunansa a allon bayani,
ba a san ko an biya shi ba,
ko ya ci tuwon gero da zafi a daren.
Nakan sa yatsana a gurbin.
Nasa ya fi nawa faɗi, amma da sanyin safiya
sai in ji kamar yanzu ya ɗauke hannu.

Sun sauka da la'asar, sun bar mini ɓawon irin kabewa,
tikiti biyu, da safar hannun yaro, ta hagu.
Na ɗora ta a kan tubalin,
ko mai ita zai dawo.