Maganaɗisu a Aljihuna

Ƙarfe huɗu na asuba a Luwiziyana,
fitilun motoci sun yi layi a bakin sarƙa.
Ni ce malamar daji, makullin na hannuna.
Maharba arba'in da ɗaya, maɓoya goma sha biyu,
ƙuri'a a cikin gwangwanin kofi,
kowa na hura tafinsa yana kallon yatsuna.

Gabas da mu, inda kakana ya kafa tarkunansa,
yanzu jan allo ne: kada ka shiga.
Masu kuɗi sun sayi ruwan har da inuwarsa,
agwagi na sauka musu kamar an aike su.
Abin da ya rage wa talaka wannan siririn yankin gwamnati ne,
shi ma sai rabo ya kira ka.

Lamba tara ta faɗa wa Kawu Alsid.
Shi ya sa mini usur a leɓe ina shekara bakwai,
ya koya mini kiran agwagwa da muryar 'yar'uwarta.
Ya karɓi takarda bai dube ni ba.
Karensa ne ya gaishe ni.

Dokar ba ta da tsawo.
Ba harbi sai saura rabin awa rana ta fito.
Shida, kada ka ƙara.
Sha biyun rana kowa ya tattara.
Harsashin dalma kuwa an sallame shi tun ina goye,
don tsuntsu na tsintar ƙwayarsa a laka ya zaci tsakuwa ce,
ya je ya mutu cikin ciyawa,
ba wanda ya ci, ba wanda ya ƙirga.

Sha biyu saura kwata kwale-kwalensa ya dafa gaɓa.
Na jera su a kan katako: biyar.
Na ce, Kawu, harsasai.
Ya juye aljihu. Na bi su da maganaɗisu,
kowanne ya yi tsalle ya manne,
sai ɗaya, tsoho, jan kwalinsa ya koɗe,
ya kwanta shiru kamar bai ji kira ba.

Na Baba ne, in ji shi, na ƙarshe a akwatinsa.
Shekara talatin ina yawo da shi, ban taɓa ɗana shi ba.

Na sani. Na san akwatin, na san ƙamshin mansa.
Doka ba ta san shi ba.
Cewa ta yi kada a same shi a jikinka.

Biro ya daskare, sai da na hura masa numfashi.
Na rubuta sunan da rabinsa nawa ne.
Ya sa hannu, ya ninke takardar gida huɗu,
ya ce, Odali, ran Lahadi akwai romo,
ki zo da shinkafa.

Na ja sarƙa, na danna kwaɗo.
Wani garke ya ratsa sama, ya nufi bayan jan allo.
Harsashin na aljihuna cikin ambulan,
duk takun da na yi sai ya bugi maganaɗisu,
kuma sun ƙi kama juna.