Waya ta Biyar

A Finnsnes na bar tsofaffin batura biyu.
Yaron shago ya ɗora min sababbi a mota,
ya ce, "Ja ga ja, baƙi ga baƙi, Gunvor, shi ke nan."
Na biya, na tuƙo gidana mai ƙafa huɗu
har bakin ruwan Senja, inda Oddvar kan tsaya.

Da hannuna na haɗa su.
Sifana mai lamba sha uku, yatsu sun ƙage don sanyi,
na ɗaure kowane noti sai da ya yi kuka.
Na shiga, na danna makunnin bakin ƙofa,
wanda shekara sha tara yana amsa mana da ƙas.
Yau shiru.
Firji bai ja numfashi ba, famfo bai ko yi tari ba,
fitilar teburi ta zuba min ido
irin na kifin da ya kwana a kwando.

Injin kuwa murɗa ɗaya ya tashi.
Shi batirinsa daban,
ba ruwansa da zaman makokin cikin ɗaki.

Na lalubo mitar Oddvar a ƙarƙashin kujera,
na ɗora mata ƙafafu a kawunan batir:
sha biyu da ɗigo bakwai.
Rijiya cike take, guga ne babu.
Na zare fiyus ɗaya bayan ɗaya,
ina ɗaga su ga sauran hasken yamma,
kowanne zarensa lafiya lau.

Sai na fara rabon laifi.
Na ba yaron shago nasa, na ba gishirin teku nasa,
babban kaso na ajiye wa Oddvar,
da ya tafi a watan Maris
da taswirar wayoyin nan duka a kansa,
bai bar min ko layi ɗaya a takarda ba.

Wajen ƙarfe takwas wata yarinya ta biyo hanya da kare,
rigarta na warin man jirgi.
Tuva, in ji ta, mai gyaran wutar jiragen kamun kifi.
Ba ta taɓa komai ba, tambaya kawai ta yi:
"Waya nawa kika kwance?"
Na ce huɗu.
"Nawa kika mayar?"
Na ce huɗu, har da ɗan ɗaga murya.
Ta ce, "Makunnin nan ɗan aike ne.
Yana da tasa igiyar, siririya,
in bai ci ba, ba ya zuwa ya buɗe wa kowa ƙofa."
Ta miƙo min tocila. Ni ta miƙa wa, ba ta duƙa ba.

Na kwanta rub da ciki a kan tsakuwa,
shekara sittin da takwas, gwiwa na ƙorafi,
na cusa hannu bayan akwatin batir,
cikin ƙura da gawar ƙudaje.
Ga ta can, ta zame ta ɓuya,
ba ta kai kaurin igiyar takalmi ba.
A wuyanta ɗan farin salatif ya yi ruwan ƙasa,
da rubutun nan mai karkata hagu
da na sani tun wasiƙunmu na farko:
"Kullum ita nake mantawa."

Na daɗe a kwance.
Kare ya zo ya shinshina kunnena.
Tuva ta juya tana kallon teku,
kamar akwai abin gani a can.

Na sassauta notin ja, na saka ta, na ɗaure.
Na hau matakala, na danna.
Ƙas.
Firji ya yi gyaran murya, famfo ya tofar da iska,
fitila ta faɗo a kan teburi da kofi biyu
da ban san na fito da su ba.

Tuva ta sha ɗaya, ba sukari.
Da ta tafi na nemo biro na koma waje,
amma salatif ɗin ya cika,
babu wurin da zan rubuta "ni ma".