Shida Ko Tara

Ƙarfe huɗu na asuba a Makau,
fitilun gidajen caca na lasar ruwan gaɓa.
Mu biyar a shagon faten shinkafa na tsohuwa Iao,
na tuɓe rigar aiki, yatsuna na warin kati.

Fok Man-hou ya ajiye littafinsa gefen kwano.
Shekara goma sha ɗaya yana ci daga teburin karta,
da ita yake biyan haya, da ita ya binne uwarsa.
Ya ce, "Mai jefa ɗan lido sa'a yake roƙo,
ni lissafi nake, kamar mai awon zinariya.
Ba na karawa da gida, gida ba ya faɗuwa.
Da mutum nake yi, mutum kuwa yana gajiya,
yana fushi, yana mantuwa."

Ka-lok, ɗan yayata, direban bas,
ya bar cokali tsaye cikin fate.
Takardar barin aiki na aljihunsa,
na ga kunnenta ya leƙo.
Shi ya yi tambayar da ta tara mu:
"Cikin ɗarin da kuka fara tare,
nawa suka rage?"

Fok ya lashi yatsa, ya soma buɗe shafi.
Ashe duk ya rubuta su, suna da shekara:
wanda ya sayar da tasinsa,
wanda ya tsallaka iyaka da jaka ɗaya,
wanda aka daina jin ɗuriyarsa.
A ƙasan shafin akwai lamba cikin da'ira.

Sai Suet-ying, akawun otal, ta hura shayinta,
ta ce, kamar mai hira da tururi,
"Babana ma yana da littafi irin wannan."

Tafin Fok ya sauka kan shafin.
"Babanki da ya jinginar da gidanku?
Da shi kike auna ni?"
"Ban ce kai ba."
"Kin ce irin wannan."
"Littafin na ce."
"Littafin ai ni ne."
"To ka taɓa ubana, yana kabari, ka ji daɗi?"

Delfim, tsohon matuƙin jirgin fito,
ya ɗaga hannu zai yayyafa ruwa,
aka tuna masa bashin bara.
Ya miƙe, kujera ta faɗi.
Aka tono bikin da ba a gayyaci wani ba,
da gaisuwar da ba a amsa ba a bakin kasuwa.
Aka bar jaki, aka hau dukan taiki,
har taikin ya yage, kowa na neman nasa ƙyalle.

Sau biyu Ka-lok ya ce, "To, nawa ne?"
Muryarsa ta nutse kamar kwabo a rijiya.

Ni na ga lambar, kafin tafi ya rufe ta,
amma daga wancan gefen tebur, a juye:
ko shida ce, ko tara.
Ko wacce ce, ba ta cika yatsun hannu ba.
Da na faɗa.
Amma ina riƙe da rigar Delfim,
ina cewa ba haka take nufi ba,
ina cewa ba haka yake nufi ba.

Tsohuwa Iao ta kwashe kwanoni, ta kashe murhu.
Fok ya cusa littafin a ƙirji, ya fita cikin yayyafi.
Kowa ya tafi da gaskiyarsa a hammata,
yaron kaɗai ya tafi hannu rabbana.

Daren jiya ina rabon kati a tebur na tara,
na hango shi can ƙarshen zaure,
da sabuwar riga, da ƙaramin littafi,
yana lasar yatsa,
yana buɗe shafin farko.