Abin da Velga Ta Ji

Shekara talatin da ɗaya a ƙasan jirgin ruwa,
ni da inji, ba mai raga wa wani.
Ya sha mai, ya haɗa da kunnena na hagu,
na dama ya bar mini rabi, kamar sadaka.
Gyare ya daina kuka tun kaina bai yi furfura ba,
na ce gyare ne ya ƙare a ƙasar Latbiya.

Jiya Zaiga ta zo daga Riga
da wata 'yar na'ura, ba ta fi sabulun wanka ba.
Ta ja ni bakin teku a Pape bayan faɗuwar rana,
ƙarshen Agusta, yashi ya fara sanyi.
Ta ce, Kaka, riƙe, ɗaga sama.
Ta murɗa maɓalli ya tsaya kan arba'in.

Shiru.
Shirun da na sani, abokin kwanana.

Sai tas. Tas-tas-tas.
Kamar yayyafin farko a kan rufin kwano,
kamar kitse ya ɗiga a garwashi,
sannan wani tirrr mai sauri.
Ta ce, wannan ya cafke sauro ke nan.
Jemagu ne, wasu ba su kai babban yatsana ba,
suna bin gaɓa zuwa kudu,
kowanne na ihu iya ƙarfinsa,
yana tambayar duhu, duhu na mayar masa da amsa.
Na'urar ce ke sauko da ihun
har inda kunnen ɗan Adam zai iya tsinta.

An ce gani ya kori ji.
Ni ban ga ko fiffike ba.

Velga,
shekarar da muka yi aure kin ce kina jinsu.
A bayan rumbun mahaifinki kika kama hannuna,
kika ce, saurara.
Na yi dariya. Na kai labarin cikin jirgi,
na yi ta maimaitawa har ya zame miki suna.
Kika daina faɗa.
Daga baya kika ce shekaru sun ɗauke miki su.
Ko sau ɗaya ban tambaye ki yaya muryarsu take ba.

Zaiga ta ce batir ya yi ƙasa, mu koma.
Na ce ta yi gaba, ina tafe.
'Yar jar fitilar ta mutu, shiru ya dawo mazauninsa,
amma yanzu na san shi, maƙaryaci ne.
Na bar hannuna a sama
har kafaɗa ta fara ciwo.