Gurbin da Ban Cike Ba

A takardar ofishinmu akwai wani gurbi:
"Yaren da yaro yake ji."
Shekara shida ina cike shi ba tunani,
Hausa, Tuwi, Dagbanci,
sai ranar wata Talata a Aboabo,
bayan masallacin bakin kwata,
na tsaya cak, biro a hannu.

Hamdiya, shekara tara.
Uwarta na juya ƙosai, ba ta ɗago ba:
"Zazzaɓi ya tafi da kunnen tun tana goye.
Mun je asibiti, mun sha rubutu, mun gaji.
Ba ta da magana, Anti. Rubuta haka."

Ban rubuta ba.
Ina kallo yarinyar ta murza yatsa biyu,
ƙaninta ya ruga ya ɗauko matsami.
Ta kumbura kunci, ta nuna ƙofa,
ashe mai gidan haya ne tafe,
uwar ta tura kwanon ciniki ƙarƙashin benci.
Gida guda na cin abinci da harshen da ta ƙera,
kuma sun rantse ba ta da magana.

Daga nan na hau mota zuwa Suwame.
Mutala, fayil na arba'in da bakwai,
ya kwana biyu a caji ofis
don an busa usur bai waiwaya ba.
Da suka sa masa ankwa ta baya
bakinsa suka ɗaure, ba su sani ba.
Ranar na tsaya tsakaninsu, gumi har gadon baya,
ina mai da yatsu Turanci, Turanci yatsu,
har na zame: wurin "beli" na ce "burodi."
Ya yi dariya har da hawaye, a bayan kanta.

Yau ga shi, baƙin mai har gwiwar hannu.
Masu kunne biyar sun kewaye mota tun safe.
Ya ɗora tafinsa kan inji, ya lumshe ido,
ya nuna fulogi na uku.
Rabin kuɗin sauran ake biyansa.
Wannan ma yana fayil, shafi na huɗu,
kuma har yau ban ci nasara ba.

Na roƙe shi Lahadi ɗaya.

Malam Isaka, uban Hamdiya, mai gadi ne,
ya ƙi zancen makarantar kurame ta Jamasi:
"Idan ta yi kuka can, wa zai ji ta?"
Amsa ta zo min bakin leɓe. Na haɗiye.
Mutala dai ya tsuguna a tsakar gida,
ya nuna kaza, ya ba ta suna da hannu.
Yarinyar ta zuba masa ido.
Ta nuna bokiti. Ta nuna igiyar shanya,
ta nuna hayaƙi, ta ja rigarsa zuwa rariya,
kamar mai bin bashin shekara tara
tana so a biya ta kafin magariba.

Uban na gefe, carbi ya tsaya a yatsunsa.
Da muka tashi ya biyo mu zaure,
ya duba ko akwai mai gani,
ya ɗaga hannu mai kaushi, a kunyace:
"Yaya ake cewa 'yata?"

Bai ce ya yarda ba. Ban ƙara masa ba.

Ni ma ta raɗa min suna:
tafi ɗaya yana fifita da takarda.
Haka ta gan ni, haka nake.

Kuɗin mota wata uku bai fito ba.
Shugabata ta dawo min da takardar,
ta kewaye gurbin da jan biro.
Na sa ta a jaka yadda take.
Gobe akwai tsohuwa a Asawase,
likita ya ba ta ƙwaya kala uku,
ba wanda ya nuna mata
wacce ce ta safe.